Hannun Baba Sikeli

Duk wanda ya taɓa haɗa kwamfutar tebur a layin masu kayan lantarki ya san Baba Sikeli. Ba shi da shagon a zo a gani. Wani lungu ne a ƙarƙashin matakalar bene, da tebur ɗaya da dalma ta yi wa tabo ko'ina, da kujerar da aka ɗaure ƙafarta da waya, da fitila mai dogon wuya. Aikinsa gyaran akwatin wuta, wato ƙarfen nan mai fanka da ke zaune a cikin kwamfuta, wanda yake karɓar wutar bango ya tace ta ya rarraba wa kowane sashe daidai abin da zai iya sha. Da gyaran yake ci, amma ba gyaran ne ya yi masa suna ba. Ɗagawa ce.

Dalili kuwa, sabon akwatin wuta ba a buɗe shi. Akwai 'yar sitika da kamfani ke mannawa a kan sukurun murfi, ka yage ta garanti ya tashi, ko gobe ya mutu ba mai saurarenka. Rubutun jikin kwali kuma mai kaya ne ya zauna ya rubuta abin da ransa ke so: ƙarfin wuta wat dubu, wat dubu da ɗari biyu, ga hoton damisa ta wangale baki, ga walƙiya. To mai saye ya yi yaya? Sai ya rungumo kayansa ya nufo ƙarƙashin bene. Baba Sikeli zai goge tafinsa a gaban riga, ya karɓa da dama, ya ɗan yi sama da shi ya dawo, ya karkata shi ya ji ta ina nauyin ya kwanta, ya rufe ido, ya miƙa wa hagu ita ma ta faɗi nata. Daga nan magana biyu ce a bakinsa. Ko ya ce "Sa shi," ko ya ce "Mayar musu." Ba ya jan bayani, kuma ba a taɓa jin wanda ya ce wa sa shi ya dawo da kuka ba.

Ba tsafi ba ne, ko da yake akwai masu rantsuwa cewa da wani abu. Tun yana saurayi naɗin taransfoma ya koya a wurin masu gyaran rediyo, yana zagaya wayar jan ƙarfe har yatsunsa suka yi kanta. A nan hannunsa ya gane cewa kayan da aka yi da gaskiya, da waya mai kauri da manyan ƙarafunan da ke shanye zafi, dole su yi nauyi, kuma nauyin a gefe ɗaya yake kwanciya, inda taransfoma take. Na ha'inci kuwa sakayau yake kamar gwangwanin da aka shanye. Zamanin rediyo ya wuce ya bar shi a teburin nan, talabijin mai ƙaton baya ta zo ita ma ta wuce, kwamfuta ta zo ta same shi a zaune, hannun bai taɓa ba shi kunya ba.

Da teburin nan ya yi aure, da shi ya aurar da manyan 'ya'yansa, da shi kuma ya riƙe ƙanensa, uwa ɗaya uba ɗaya, tun mahaifinsu ya rasu ya bar shi bai gama makaranta ba. Ya so ya koya masa aikin. Ƙanen ya daɗe a gefen tebur yana ƙona yatsu yana tsaki, har yayan ya haƙura, ya gane cewa shi baki Allah ya ba shi. Mutum ne da zai sayar maka da takalmin da ke ƙafarka kana yi masa godiya. Ya shiga saye da sayarwa, daga tire zuwa tebur, daga tebur zuwa shago mai ƙofar gilas, har ya fara shigo da kaya da kansa, mutanen layi suka laƙaba masa Mai Kwantena. Baba Sikeli in ya ji ana faɗin sunan nan, har ƙirjinsa yake ɗagawa.

Sai ga zamanin manyan kwamfutoci. Masu wasannin kwamfuta, masu haɗa fim, masu zanen gine-gine, kowa na neman inji mai ƙarfi, kowa na cusa katin hoto mai girman bulo wanda shi kaɗai yake zuƙar wutar da a da ta ishi kwamfuta uku. Irin waɗannan injinan ba sa zama lafiya sai da akwatin wuta mai babban wat, kuma in akwatin na banza ne ba ya mutuwa shi kaɗai, sai ya ja kati da babban allon da komai ke haɗe a jikinsa sun tafi tare. Nan fa hannun Baba Sikeli ya ƙara daraja. Har daga wasu unguwanni ake zuwa, a yi layi a bakin lungunsa, kowa da kwali a ƙirji. Bai taɓa karɓar komai a kan ɗagawa ba, abin da ya fi ci wa matarsa rai ke nan.

"Mutum ya mai da kansa sikelin gari," take cewa in ya dawo yana murza kafaɗa. "Ko sikelin mai tumatur ai ana zuba masa mai."

Shi dai sai ya yi murmushi ya miƙa mata kafaɗar ta danna.

Rannan da hantsi, lokacin da layin ya cika har ba inda za ka sa ƙafa, sai ga Mai Kwantena da kansa, ba aike ba, ya ratso mutane da baƙin akwati a hammata. Ya tsaya inda kowa zai gani, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Yaya, sabon kayana ne, wat dubu da ɗari biyu. Na ce ko ɗaya ba zai fita daga shagona ba sai ka taɓa. In ka ce mayar, yau ɗin nan zan mayar musu da tsiyarsu."

Mutane suka matso. Baba Sikeli ya goge tafi ya karɓa. Nauyin ya sauka a hannunsa yadda yake so, ya kwanta a gefen da ya kamata, hagu ta yarda da dama. Daɗi ya cika shi. Ga wanda ya riƙe ya kawo kayan gaskiya, ga shi kuma ya girmama shi a gaban jama'a.

"Sa shi," ya ce.

Da kalma biyun nan Mai Kwantena ya sayar da kwantena guda. Bai buga talla ba, bai rage wa kowa ba. Da mai saye ya fara juya kwali yana shakka, sai masu tsaron shagon su ce, "Baba Sikeli ya ɗaga." Shi ke nan, an gama ciniki.

A wannan tsakanin ne 'yar autarsa take haɗa tata kwamfutar. Auta kowa ke ce mata, har bayan ta yi girman da ya kamata a daina. Aikinta haɗa bidiyo, tallan kamfanoni da na taruka, a ɗakinta da ke ƙarshen gidan uban, kuma ta daɗe tana fama da wata tsohuwar kwamfuta da ke nishi kamar mai hawan tudu. Ta yi ta tara kayan sabuwar ɗaya bayan ɗaya, yau allo, bayan an kwana biyu kati, kowanne sai ta yi bincike har idonta ya yi ja. Akwatin wuta ne kawai ba ta bincika ba. Mai uba irin nata binciken me za ta yi? Ta kama hannunsa suka tafi shagon ƙanensa.

Da Mai Kwantena ya gan su, fara'arsa ta ɗan yi sanyi kafin ya gyara ta.

"'Yata ce da kanta? Shigo mana, Auta."

"Ina wuni, Baba Ƙarami. Akwatin wuta muke so, katin nawa babba ne."

Uban ya riga ya miƙa hannu kan kanta ya ciro baƙin nan. Ƙanen ya yi saurin cewa, "Yaya, tsaya. Ita bari in ɗauko mata wani a ciki." Ya shiga ya fito da wani mai ruwan toka, ba damisa ba walƙiya, ya ajiye. "Wannan ma yana da kyau. Ni na fi so ta tafi da wannan."

Baba Sikeli ya ɗauki ɗaya a dama ɗaya a hagu, ya musanya su, ya sake musanyawa. Mai ruwan tokar yana da nauyinsa, amma baƙin ya fi shi. Ya yi dariya.

"Kai dai har yau ba ka koyi komai ba. 'Yar taka za ka ba wa mara nauyin?"

Mai Kwantena ya buɗe baki, ya dubi masu sayen da ke tsaye a shagon, ya rufe. "Yadda ka ce, Yaya." Da hannunsa ya sa baƙin a leda ya miƙa wa yarinyar da aka haifa a gabansa. Ƙofar ɗakin ciki tana nan a buɗe a bayansa, ya ja yayansa su keɓe ya raɗa masa kalma ɗaya ya gagara. Ya gwammace kada baƙi biyu su ji wani abu su fasa saye.

An ɗan jima ana zaune lafiya, domin irin akwatin nan muddin ba a matsa masa ba, ba ya nuna halinsa. Sai Auta ta samu babban aiki, irin wanda ta haɗa injin dominsa. Wata rana da azahar ta ɗora wa kwamfutar aikin gaba ɗaya, fankoki suka ɗauki kuka, ta tashi ta je ɗebo ruwan sha. Tana tsakar gida ta ji ƙara kamar an fasa leda mai iska. Kafin ta dawo ɗakin ya cika da baƙin hayaƙi da warin ƙonanniyar roba. Uwar ta sheƙo da bokitin ruwa, Auta ta tare ta a bakin ƙofa, ta ruga ta kashe wutar gidan gaba ɗaya. Gobara ba ta tashi ba, Allah ya rufa asiri. Amma katin ya tafi, allon ya tafi, masu aikin kuma da suka ji labari suka yi mata jaje suka kai wa wani. Ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙasa ta jingina da gado tana kallon injin har ubanta ya dawo.

Ba ita kaɗai ba ce. A kwanakin nan an ji na wani mai zanen gine-gine ya tashi, an ji na wani mai ɗakin wasanni. Layi ya ɗauka gaba ɗaya: wuta ce ta zo da hauka. Aka yi ta tsine wa kamfanin wutar lantarki, wanda dama ya saba shan tsinuwa ko ya yi ko bai yi ba. Ba wanda ya kalli baƙin akwatin da ido biyu. Ta yaya? Ai Baba Sikeli ya ɗaga. Har waɗanda abin ya shafa suka zo lungunsa suna yi masa jajen 'yarsa.

Shi ne hankalinsa bai kwanta ba. A gidansa ko kwan fitila bai mutu ba ranar, firji yana nan yana aikinsa. Wace irin wuta ce za ta tsallake komai ta je ta zaɓi abu ɗaya? Ya ɗauki ƙonannen akwatin ya kai teburinsa, ya ja wuyan fitila, ya yage sitikar, ya kwance murfin.

Abin da ya fara gani fili ne. Akwati mai faɗi, kayan aikin da ke ciki sun takure a kusurwa ɗaya, 'yan sirara, waɗanda ko ƙaramar kwamfutar ofis za su ɗauka da ƙyar. A gefen dama kuwa ga ƙatuwar taransfoma an naɗe ta da rawayan tef, kyakkyawa. Ya bi wayoyinta biyu da bakin sukudireba, ya ga ba inda suka je, gam kawai aka ɗiga musu a jikin ƙarfe. Ya yanka tef ɗin. Ba jan ƙarfe ko zare ɗaya. Ya ƙwanƙwasa, wani ɓangare ya ɓalle ya faɗo kan tebur yana gari. Siminti ne.

Ya daɗe yana kallon garin nan a tafinsa. Sai kuma ya tuna mai ruwan tokar da aka fito da shi daga ɗakin ciki, da bakin da aka buɗe aka rufe.

Ya tarar da ƙanen a ofishinsa na bayan shago, iyakwandishan tana hurawa. Ya ajiye masa akwatin a buɗe a kan takardunsa.

"Ka sani?"

"Yaya, zauna mana. A kawo maka ruwa?"

"Na ce ka sani?"

Mai Kwantena ya tashi ya tura ƙofa ya dawo. Ko kunyar sunkuyar da kai bai yi ba.

"Yaya, kasuwa ce. Mutane suna son wat dubu, amma ba sa son tsadar wat dubu. Yawancinsu kallon fim suke yi da buga takarda, har injin ya tsufa ba za su ja rabin wutar ba. Wa ya san za a samu masu ƙure shi haka?"

"Simintin fa? Shi ma kasuwa ce?"

Mai Kwantena ya juya makullin mota a yatsa. "Na farkon da masu ƙera mini kayan a waje suka aiko ba shi da nauyi. Na san ba zai wuce hannunka ba, in bai wuce hannunka ba kuwa ba zai wuce layin nan ba. Sai na ɗauki wani da ka taɓa yabawa na ɗora a sikeli, na faɗa musu. Na ce kuma nauyin ya kwanta a gefen dama, don na san nan kake nema."

Ashe zaman da ya yi a gefen tebur bai tashi a banza ba. Dalma ta gagare shi, naɗi ya gagare shi, amma ya zura ido ya haddace yadda hannun yayansa yake karkata, ya adana, ya jira ranar da zai yi masa amfani. Mutumin da ya ci daga hannun nan, ya yi makaranta da hannun nan, shi ne ya auna shi ya aika wa baƙi su ɗinka masa ƙarya daidai tafinsa.

"Ita Auta kuwa," ya ci gaba, "Allah ya gani na yi iya ƙoƙarina. Na fito mata da na gaskiya, kai ka ce a'a. Kai ka zaɓa, Yaya, da hannunka."

Maganar ta fi mari zafi, don akwai gaskiya a jikinta.

"Yanzu kowa ya ce wuta ce. Ka bar shi a wuta. Auta zan ba ta sabon kati, magana ta mutu a cikin gida. In ka buɗe baki ba ni kaɗai zan sha kunya ba. Ni ɗan kasuwa ne, gobe sai in canza kwali. Kai fa? Me kake da shi bayan hannun nan?"

Baba Sikeli ya ɗauki akwatinsa ya fita bai rufe ƙofa ba.

A gida abinci ya huce a gabansa. Matarsa ta ji komai daga bakinsa, ta zagi ƙanin mijin zagin da ta daɗe tana ajiyewa, har da wanda bai shafi maganar ba. Da ta gaji ta zauna kusa da shi, muryarta ta sauka.

"Baban Auta, ni da nake maka gori kana ɗaga kaya kyauta, ai ban taɓa cewa ba na jin daɗi ba in na shiga wuri aka ce matar Baba Sikeli ce. Ba mu tara gida biyu ba, ba mu tara mota ba. Sunan nan muka tara. Ka yi tunani kafin ka zubar."

Ya yi tunanin. Amma duk inda ya juya, abin da yake gani baƙaƙen akwatunan nan ne a ƙarƙashin teburan mutane, a kunne, kusa da labule, kusa da katifa, kusa da ƙafar yara, kowanne mai shi ya saki jiki saboda wani tsoho ya ce sa shi.

Da safe ya ɗauki buɗaɗɗen akwatin a hammata, gutsuren siminti a aljihu, ya faro daga bakin layi. Shago shago ya bi. A kowanne sai ya ajiye, ya nuna wayoyin da ba su je ko'ina ba, ya murza simintin a kan kanta.

"Ni na ce a sa. Duk wanda kuka haɗa wa da irin wannan, ku kira shi ya cire. Ba wuta ba ce."

A nan ne fa mutanen layin suka nuna irin nasu halin. An cire akwatunan, gaskiya ne, waya ta yi ta kaɗawa ranar, kuma Allah kaɗai ya san ɗakuna nawa aka tsirar. Amma ko mutum ɗaya bai tako ya ce masa sannu ba. Kafin rana ta faɗi mai gyaran wayar da ke maƙwabtaka da shi, wanda ya sha aron fitilarsa, ya sauya masa suna, Baba Siminti, layi kuma ya karɓa da hannu biyu. Wani shaƙiyyi ya naɗe rabin bulo a kwali ya kawo masa, ya yi fuska ya ce, "Baba, ɗan taɓa mini, wat nawa ne?" Aka yi dariya har da riƙe ciki. Waɗanda injinansu suka ƙone ba su je ƙofar gilas ba, don an ce musu mai shagon ya yi tafiya, laifin kuma na kamfani ne can bayan teku. Lungun ƙarƙashin bene suka zo, inda ba ƙofa ba mai gadi, suka tsaya a kan tsoho suna nuna shi da yatsa. Dangi ma ba a bar su a baya ba. Manyan gida suka aiko a faɗa masa bai kyauta ba, ya tona asirin ɗan'uwansa a kasuwa. Simintin da aka sa wa 'yarsa a ɗaki ba wanda ya aiko a kansa.

Mai Kwantena ya dawo bayan ƙura ta lafa, da shuɗin kwali mai hoton gaggafa. Yana shigowa layi ana miƙewa ana gaishe shi, har da masu cewa a bayansa, kai mutumin nan akwai kai. Wanda ya yi cutar an ce yana da wayo, wanda ya fito ya faɗa an ce tsufa ya kama shi. Katin da Mai Kwantena ya yi wa Auta alkawari kuwa bai zo ba, tunda shirun da ya nema bai samu ba.

Layin ɗagawa ya watse. Baba Sikeli ya ci gaba da zuwa da safe, yana share lungunsa, yana gyaran tsofaffin akwatunan ofis da ake kawo masa jefi-jefi. In ya hango wani ya taho da sabon kwali a ƙirji, hannunsa da kansa yake zuwa gaban riga, sai mutumin ya wuce, shi kuma ya yi kamar ƙura yake kakkaɓewa.

Auta ta koma kan tsohuwar kwamfutarta mai nishi, ta sake tarawa daga farko, ba ta taɓa ce masa uffan a kan maganar ba. Wannan shirun ya fi damunsa da duk dariyar layi. Har ranar da ta gama haɗa komai, saura akwatin wuta. Da la'asar sai ga ta a bakin lungu, lokacin da layin ke cike, ta ratso mutane da kwali a ƙirji. Ta ciro akwatin ta miƙa masa da hannu biyu, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Baba, ɗaga mini. Ba zan sa ba sai ka ce."

Mai gyaran waya ya leƙo. Wasu suka dakata. Baba Sikeli ya goge tafi a riga ya karɓa. Yana karkata shi hasken fitila ya faɗa kan murfin. Kawunan sukurun duk da sabon karce, fenti ya ɗaɗe a bakinsu. Sitikar garanti an ɗaga ta an mayar, an danne da farce a hankali, amma gefenta ɗaya ya ƙi kwanciya. An riga an buɗe shi an duba cikinsa. Ta yarda ta yi asarar garantin don ta tabbatar, sannan ta rufe ta ɗauko ta ratsa kasuwa ta kawo masa a gaban mutane.

Ya ɗago ya dube ta. Tana tsaye tana murmushi, idonta a kan hannunsa.

Ya yi sama da akwatin ya dawo, ya miƙa wa hagu, ya rufe ido ya daɗe fiye da yadda ya saba, ba don yana auna komai ba.

"Sa shi," ya ce.

"Na gode, Baba." Ta mayar cikin kwali da sauri, murfin na kallon ƙasa.

Ya bi ta da kallo har ta fita daga layin. Bai tambaye ta wa ya buɗe mata ba.